Daga Saifar Ɓera Zuwa Gadon Asibiti: Yadda Ake Samar da Antibodi 'Yan Asali Ɗaya

Jawabin da ɗaya daga cikin likitocin ƙungiyarmu mazauna Ingila ya gabatar wa ɗaliban sakandare a taron shekara, ɗaliban gida kuma suna saurare ta intanet.



Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan uwa, da ku 'ya'yana da ƙannena ɗalibai, na nan zaure da waɗanda suka taru a gida suna kallonmu ta majigi, barkanku da wannan lokaci. Kwamitin ilimi ne ya ɗora mini wannan aiki, da sharaɗin in yi shi da Hausa, domin kada iyaye su zauna suna gyangyaɗi 'ya'yansu na sauraro. Na karɓi sharaɗin.

Bari in fara da tambaya. Wane ne a cikinku aka taɓa huda masa yatsa, aka ɗiga jini a kan wani ɗan farin roba, aka jira minti goma sha biyar zuwa ashirin, sannan aka ce yana da maleriya ko ba shi da ita? Ga hannaye nan sun tashi, na tabbata a gida sun fi haka yawa. To, duk wanda ya ɗaga hannu ya riga ya yi mu'amala da abin da za mu tattauna yau. Abin da ke fito da layin nan a jikin robar shi ne antibodi ɗan asali ɗaya, wanda littattafanku ke kira monokulonal. Ku da ke shirin GCSE da A-level a nan kun ci karo da shi a darasin bayoloji. Ku na gida kun karanta jini da garkuwar jiki, wannan ɗori ne a kan wancan.

Mene ne antibodi?

A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi iri-iri. Wani jinsi daga cikinsu, wanda ake kira ƙwayoyin B, a ɓargo ake haifarsu, sannan su je su zauna a saifa da kaluluwa. Aikinsu shi ne ƙera wani furotin mai suna antibodi. Siffarsa kamar gwafa take: ƙafa ɗaya a ƙasa, hannu biyu a sama. A ƙarshen kowane hannu akwai baki mai wata siffa ta musamman, wadda ba ta kama komai sai abin da ya yi daidai da ita, kamar yadda makulli ba ya buɗe kwaɗon da ba nasa ba. Abin da bakin yake kamawa shi ake kira antijin. Yana iya zama furotin a bayan ƙwayar cuta, ko dafin maciji, ko wata alama a jikin ƙwayar kansa.

Ga inda hikimar Ubangiji take. Kowace ƙwayar B makulli iri ɗaya tak take ƙerawa, amma jiki yana da miliyoyinsu, kowace da nata. Idan cuta ta shigo, ƙwayoyin da makullinsu ya dace da ita su ne ke farkawa, su hayayyafa, su cika jini da antibodi. Sai dai ƙwayar cuta ɗaya tana da alamomi da yawa a jikinta, saboda haka ƙwayoyin B daban-daban ne ke tasowa, kowace ta kama nata gefen. Abin da ake samu a jini gauraye ne na antibodi masu asali daban-daban.

An daɗe ana cin moriyar wannan gaurayen. Emil von Behring ya sami kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901 saboda maganin mashaƙo da aka samo daga ruwan jinin dabbobi. Har gobe haka ake yin maganin saran maciji. Allurar da ake yi wa wanda kububuwa ta sara a asibitin Kaltungo ta jihar Gombe, daga jinin tumaki ko dawakai ake tace ta, bayan an yi ta ba su dafin kaɗan-kaɗan har jikinsu ya ƙera makarinsa. Ta ceci rayuka masu yawa. Amma tana da matsala: abin da wannan doki ya bayar ba lallai ya zama daidai da na wancan ba, dabbar tana tsufa ta mutu, kuma a cikin gaurayen akwai tarin antibodi da ba ruwansu da aikin da ake so.

Masana sun yi ta fatan su sami makulli guda, tsantsa, mai yawa, wanda ba ya canzawa. Abin da ya hana shi ne, ƙwayar B idan aka fitar da ita daga jiki aka sa a kwalba, kwanaki kaɗan take yi ta mutu.

Baƙi biyu a Kambirij

A 1975 aka warware wannan ƙulli, a ɗakin binciken ƙwayoyin halitta na Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya da ke Kambirij. Mutum biyu ne suka yi aikin, kuma dukansu baƙi ne a ƙasar nan kamar mu: César Milstein, haifaffen Ajantina, da Georges Köhler, matashi daga Jamus wanda bai cika shekara talatin ba a lokacin. Sun lura cewa akwai wata kansa ta ƙwayoyin B, mai suna mayeloma, wadda ƙwayoyinta ba sa daina rabuwa. A kwalba ma haka suke yi, muddin akwai abinci. To ga ƙwaya mai sana'a amma ba tsawon rai, ga kuma mai tsawon rai amma ba sana'ar da ake so. Sai suka ce bari a haɗa su aure.

Manomanmu sun san wannan dabara. Mangwaro mai aure, ai tushen wani ne mai juriya ake ɗaura wa reshen wani mai zaƙi. Ƙwayar da aka samu daga wannan haɗi ita ake kira haibiridoma. Za a iya kwatanta ta da alfadari, ɗan jaki da goɗiya, sai dai shi alfadari ba ya haihuwa, ita kuwa haihuwa ce babbar baiwarta. Sun buga sakamakon a mujallar Nature a watan Agusta na shekarar, kuma a 1984 suka raba kyautar Nobel da Niels Jerne.

Matakan aikin

Yanzu ɗalibai ku buɗe littafi, domin nan ne ake tambaya a jarrabawa.

Mataki na farko, a yi wa ɓera allurar antijin ɗin da ake so a sami makullinsa. Milstein da Köhler jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya suka yi amfani da su. Ana maimaita allurar cikin 'yan makonni, kamar yadda ake maimaita rigakafin yara, ana ɗibar jinin ɓeran ana dubawa har a ga antibodi ya yi yawa.

Na biyu, a kashe ɓeran ta hanyar da doka ta tsara don kada ya wahala, a cire saifarsa, a murje ta a hankali har ƙwayoyinta su warwatse. Saifar ɓera ba ta kai tsawon yatsa ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyi kusan miliyan 100.

Na uku, a zuba ƙwayoyin saifa da na mayeloma a kwalba ɗaya, a ɗiga musu wani sinadari da ake kira PEG, wanda ke sa fatar ƙwaya ta yi laushi har biyu su narke su zama ɗaya. A farkon lamari da wani bairos mai suna Sendai aka yi wannan haɗi, daga baya PEG ya maye gurbinsa. Ku lura, ƙalilan ne ƙwarai ke haɗuwa. Mafi yawa suna nan yadda suke.

Na huɗu shi ne wanda ya fi rikita ɗalibai, alhali shi ya fi daɗi. Kwalbar yanzu cike take da ƙwayoyin B da ba su haɗu da kowa ba, da mayeloma da ba ta haɗu da kowa ba, da 'yan tsirarun haibiridoma. Yaya za a tsince su? Ba a tsincewa da hannu, abinci ne ke yin tankaɗen. Duk ƙwayar da za ta rabu biyu sai ta ƙera sabon DNA, kuma hanya biyu gare ta ta samun tubalin ginin: babbar hanya, inda take ƙera tubalin daga farko, da hanyar ratse, inda take gyara tsofaffin tubala ta sake amfani da su. Tun farko an zaɓi mayeloma wadda ba ta da wani inzayim mai suna HGPRT, wato ba ta iya bin hanyar ratse. Sai a zuba kowa a ruwan abinci mai suna HAT. Harafin A na tsakiya aminofterin ne, wanda ke toshe babbar hanya. H da T kuwa, haifozantin da tayimidin, guzuri ne na mai bin hanyar ratse. Mayeloma an toshe mata hanyar da ta sani, ba ta da wata, sai ta mutu. Ƙwayar B ta san hanyar ratse, amma dama kwananta kaɗan ne, ita ma ta mutu. Haibiridoma ta gaji sanin hanya daga ƙwayar B, ta gaji tsawon rai daga mayeloma. Bayan kwana goma zuwa mako biyu, ita kaɗai za a tarar.

Na biyar, tantancewa. Waɗanda suka tsira ba duka ke ƙera makullin da ake nema ba, domin ɓeran yana da ƙwayoyin B na wasu cututtukan da ya taɓa gamuwa da su. Ana rarraba su a faranti mai ramuka 96, kamar ramukan dara, a riƙa ɗibar ruwan kowane rami ana gwadawa. Gwajin da aka fi yi sunansa ELISA: a shafa antijin a gindin wani farantin, a zuba ruwan, a wanke, sannan a ƙara sinadarin da ke canza launi idan antibodi ya maƙale. Ramin da ya yi launi, shi ne mai rabo.

Na shida, a tsarma ƙwayoyin wannan rami sosai, a sake rarrabawa ta yadda kowane rami ba zai sami fiye da ƙwaya ɗaya ba. Duk abin da ya tsiro a ramin daga uwa ɗaya ya fito. Ku tuna yadda ake dasa rogo ko rake: ba iri ake shukawa ba, karan ake yankawa a binne, kowane sabon tsiro kuma kwafin uwarsa ne ba bambanci. Wannan shi ne ma'anar kulon, kuma daga nan sunan monokulonal ya fito, wato 'yan asali ɗaya.

Na bakwai, a ajiye wasu ƙwayoyin a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, inda za su yi shekaru ba su lalace ba, sauran kuma a yi ta kiwonsu ana tace antibodi daga ruwan da suke ciki.

Daga ɓera zuwa mutum

Don gwaje-gwaje, antibodin ɓera ya wadatar. A tsinken gwajin ciki, antibodi mai ɗauke da launi yana kama sinadarin hCG da ke fitsarin mai juna biyu, fitsarin ya ja su zuwa wani layi inda aka kafa antibodi na biyu, shi ma ya kama hCG ɗin ta wani gefe, launi ya taru, layi ya bayyana. Layi na biyun shaida ce kawai cewa tsinken yana aiki. Haka gwajin maleriya yake, sai dai shi yawanci wani furotin na ƙwayar cutar mai suna HRP2 yake nema. Wannan furotin yakan yi makonni a jini bayan an warke, shi ya sa ba a cewa magani bai yi aiki ba don kawai an sake gwaji layi ya fito. Ruwan da ake ɗigawa a gane rukunin jininka, A ne ko B ko O, shi ma yau da irin wannan antibodi ake yin sa.

Magani kuwa wani abu ne daban. Na farko da aka amince da shi, a Amurka a 1986, sunansa OKT3, ana ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jikinsu ya ƙi ta. Amma jikin mutum ya gane cewa wannan furotin na ɓera ne, baƙo ne, sai ya ƙera nasa antibodin ya yaƙe shi. Gyaran ya sake fitowa daga Kambirij. Gregory Winter, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gana, ya gano yadda za a ɗauki ɗan bakin makullin kawai daga ɓera a dasa shi a jikin antibodin mutum. Daga baya ya yi amfani da wata dabara ta George Smith, ta tara miliyoyin makullan mutum a bayan wasu bairos masu kama bakteriya, a zaɓi wanda ya dace ba tare da an taɓa ɓera ba. Su biyun sun sami rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018.

Saboda haka a masana'antun magani na yau, umarnin gadon antibodin ake kwafowa a saka shi cikin wasu ƙwayoyi da ake kira CHO, waɗanda asalinsu daga jakar ƙwan wata 'yar dabba ce mai kama da ɓera, hamsta ta ƙasar Sin, aka fara kiwonsu a 1957. Ana zuba su a tankunan ƙarfe masu cin dubban lita, a riƙe zafin a digiri 37 kamar jikin mutum, ana ba su sukari da iska, ana juyawa kusan mako biyu. Sannan a tace ƙwayoyin a zubar, a bi da ruwan ta wani bututu mai ɗauke da furotin A, wanda ke riƙe ƙafar gwafar nan, komai ya wuce sai antibodi. A sake tacewa, a kashe duk wani bairos, a gwada, a ɗura a kwalba. Ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta tare ni ɗazu ta ce, "Likita, wato jinin ɓera da kansa ake ɗura wa mutane?" Hajiya, a'a. Ba jini a ciki, ba ƙwayar kansa, ba ƙwayar dabba ko ɗaya. Tataccen furotin ne. Idan kuka ga sunan magani ya ƙare da "mab", to ɗan wannan gida ne.

Inda abin ya shafe mu

A 1995 Ebola ta ɓarke a garin Kikwit na Kwango. Shekaru bayan haka aka ɗebi jinin wani da ya tsira, aka ware ƙwayar B guda daga ciki, aka kwafi makullinta. An gwada shi a annobar gabashin Kwango ta 2018 zuwa 2019, a binciken da Farfesa Jean-Jacques Muyembe na cikin jagororinsa, aka ga yana rage mutuwa, musamman in an zo da wuri. A 2020 aka amince da shi da sunan Ebanga. A Mali kuma an gwada wani mai suna CIS43LS a kan manya, sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙarin ruwa sau ɗaya, a ma'auni mafi girma, ya rage kamuwa da maleriya da kusan kashi 88 cikin 100 na tsawon wata shida, wato tsawon damina da kaka. Ku lura da bambanci: rigakafi koya wa jiki yake yi ya ƙera nasa, wannan kuwa aro ne ake ba jiki, yana ƙarewa.

Ba kullum ake dacewa ba. Wani mai suna crizanlizumab, na rage tashin ciwon sikila, an amince da shi a Amurka a 2019, amma a 2023 Tarayyar Turai ta janye izininsa bayan babban gwaji bai nuna ya fi rashinsa ba. Na san iyalai a cikinmu da suka sa rai a kansa. Haka kimiyya take, abin da gwaji bai tabbatar ba, ajiye shi ake yi komai son da ake masa.

Sai kuma maganar da ta fi ci mini rai. Kusan ɗaya cikin biyar na masu kansar mama, ƙwayoyin kansarsu suna da wata alama mai suna HER2 da yawa, kuma irin wannan ta fi saurin yaɗuwa. Tun 1998 akwai antibodi mai kama wannan alama, trastuzumab. Ana ba da shi duk mako uku, yawanci har shekara guda. A asibitin da nake aiki, mace ba ta biyan ko kwabo a kansa. Wata 'yar uwata a gida ta kamu da irin wannan. An sayar da gona, mu ma muka haɗa abin da ya sawwaƙa, ta karɓi zagaye huɗu, kuɗi suka ƙare kafin a sake tarawa, aka yi ta tsallake lokaci. Allah Ya yi mata rahama. Kwana ya ƙare, mun yarda da ƙaddara. Amma a makon da aka yi jana'izarta na sa hannu a takardar wata mai irin ciwonta da ta gama nata cikakke, ta koma wurin 'ya'yanta.

Kun ga dalilin tsadar a bayanin da na yi: kiwon ƙwayoyi masu rai, tankuna masu tsabta, wutar da ba ta ɗaukewa, firji daga masana'anta har gadon majiyyaci, ga kuma haƙƙin mallaka. Abin mamaki, ita dabarar haibiridoma ba a yi mata rajistar mallaka ba, kowa ya ɗauka kyauta. Yanzu da wa'adin mallakar tsofaffin magungunan ke ƙarewa, kamfanoni a Indiya da Koriya ta Kudu suna yin makamantansu da rahusa, kuma a Disamban 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance irin wannan trastuzumab na farko. Waɗanda suka yi haka ba aljanu ba ne. Ɗalibai ne da suka zauna a aji irin naku.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ɗalibai, kada ku ɗauka duk mai son bayoloji dole ya zama likita. Ni rubuta magani nake yi, amma da ba don masu kimiyyar sinadaran jiki da masu harhaɗa magunguna da injiniyoyin tankunan nan da ma'aikatan ɗakin gwaji ba, da takarda ce kawai a hannuna. Iyaye, yarinyar da ba ta sami gurbin likitanci ba ta sami na ilimin ƙananan halittu, ba faɗuwa ta yi ba, ku sa mata albarka. Ga ƙungiya kuma, ina ba da shawara a ware wani abu daga asusun ilimi na bana a saya wa makarantar sakandaren garinmu madubin ƙara girma da kayan gwaji, domin yaron da bai taɓa ganin ƙwayar jini da idonsa ba, da wuya ya yi mafarkin haɗa biyu su zama ɗaya. Gani ya kori ji. Iyayenmu mata kuma, duk wadda ta ji ƙullutu a mama ta je asibiti a makon, kuma in an tabbatar kansa ce, a tambayi likita ko an duba HER2.

Ɗalibai, ga aikin gida. Ku rubuta matakan nan bakwai da kalmominku, ku bayyana dalilin da ya sa mayeloma ke mutuwa a ruwan HAT, ku miƙa wa sakataren kwamitin ilimi. Na yi alkawarin karanta kowace takarda da kaina.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya albarkaci karatun yaranmu na gida da na waje.